Ranar Saukar da Bijimin Furofesa

Kowace unguwa a Karachi da irin tata jarrabawar. Wasu rashin ruwa ne ya dame su, wasu ɓarayin waya. Mu a layinmu na Nazimabad, Allah ya jarrabe mu da Mirza Tufail Baig, wanda ya raɗa wa kansa suna Furofesa ba tare da wata jami'a ta san da zamansa a duniya ba.

Ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga hatimi a wani ofishin inshora. Da ya yi ritaya sai ya share shagon da ke ƙasan gidansa, ya jera bencina, ya kafa allo, wai makarantar koyon Turanci tsantsa. Ɗalibi ɗaya tak ya samu, Parwez mai sayar da takalma, magidanci da 'ya'yansa huɗu, shi ma kunyar dainawa ce ta riƙe shi. Da Furofesa ya ga mutane sun ƙi zuwa aji, sai ya mai da layin gaba ɗaya aji.

Mu mutanen birnin nan ba ma iya ƙarasa magana da Urdu sai mun barbaɗa mata Turanci kamar gishiri, to nan yake jiranka. Ni Naushad, da shagona na gyaran fanka ke kallon ƙofarsa, har na koma gaishe shi da ɗaga hannu don in tsira da mutuncina. Wata rana Parwez ya faɗa ajin a guje yana haki, ya ce da Turancinsa na kasuwa wani na tafiya da babur ɗin Furofesa.

"Maimaita," in ji Furofesa, ko motsi bai yi ba.

"Ɓarawo ne, Sir!"

"Na ji. Amma ka cakuɗa lokuta. 'Yana tafiya' kake nufi ko 'ya tafi'? Kowanne da ƙa'idarsa."

Parwez ya leƙa waje. "Yanzu kam ya tafi, Sir."

"Madalla. Ka ga yanzu maganarka ta zauna daidai."

In ka tambaye shi inda ya samo wannan Turanci, sai ya gyara wuyan kwat ya ce gado ne. Wai kakansa magatakardan Turawa ne a Delhi, wai da Turanci aka yi masa tawai, wai bai taɓa taka ƙauye ba kuma yaren ƙauye ko kalma ɗaya ba ya ji. Sau da yawa da sassafe ina buɗe shago nakan jiyo wata waƙar makiyaya da Saraiki, yaren ƙauyukan bakin kogi, tana saukowa daga saman gidansa. Na taɓa tambayarsa, ya ce rediyon maigadin makwabta ne, kuma zai kai ƙara.

A saman gidan nan akwai bijimi. Kamar yadda wasu ke yi a nan saboda ƙarancin fili, bayan Babbar Sallar bara aka sayo ɗan maraƙi, aka lallaɓa shi ya hau matakala har rufin hawa na huɗu, aka yi ta ɗura masa dusa da ciyawa. Mu bakwai muka haɗa shi don layya: ni, da Furofesa, da Parwez, da Khala Bilqis, wato Inna Bilqis, gwauruwar da ke gidan da ke kallon nasa, da wasu magidanta uku. Furofesa ya sa masa suna Jentul, wato mai ladabi a Turance. Kafin shekara ta zagayo Jentul ya zama ƙato, fari sol, mai tozo kamar tulu, wanda ko kansa ba zai shiga ƙofar matakala ba. Hanyar saukowarsa ɗaya ce, motar ƙugiya.

Kowa ya san hukuncin. Dabbar da ta karye a ƙafa ba ta layya. Idan Jentul ya iso ƙasa da ɗingishi, gida bakwai sun tashi a tutar babu, ga shi saura kwana biyu Salla, lokacin da ko akuya sai mai ƙarfi. Khala Bilqis kuwa kasonta da sunan marigayi mijinta ta sa, shekara guda tana maganarsa.

Furofesa ya tara mu a ajinsa, ya zaunar da mu a benci kamar yara.

"'Yan uwa," ya ce, "duk shekara ana sauko da shanu a garin nan da ihu da fito kamar ana korar biri daga gona. Bana za a ga bambanci. Na gayyato 'yan talabijin. Ni zan ba direba umarni daga sama, da lasifika, cikin Turanci mai tsabta, cikakkiyar jimla, kowace kalma a mazauninta. Duk wanda zai buɗe baki a wurin, da Turanci zai buɗe. Washegari za ku ga layin masu rajista daga nan har bakin titi."

"Shi direban Bature ne?" in ji Khala Bilqis.

"Gul Zaman ne, Khala," na ce. "Urdun ma da ƙyar yake haɗawa."

"Parwez zai tsaya kusa da shi ya yi tafinta," in ji Furofesa.

Parwez ya haɗiyi yawu har muka ji ƙararsa.

"To shi bijimin fa?" Khala ta sake tambaya. "Shi ma ya ci jarrabawar?"

"Jentul bai taɓa jin wani yare a bakina ba sai Turanci."

"Allah sarki, shi ya sa kullum yake kuka."

"Khala, ilimi ake magana."

"Ni nama nake magana, Mirza Sahib. Ka sauko min da shi da ƙafa huɗu, in ka ga dama ka yi da Faransanci."

Da mun ƙi. Amma bijimi a rufinsa yake, ruwansa yake sha, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Muka biye masa, wannan kuwa ita ce babbar wautar da muka yi a wannan shekara.

Ranar da hantsi motar ƙugiya ta shigo layin da baya, tana goge bangon mutane. Kafin ta gama kafa ƙafafunta layi ya cika maƙil. Yara a kan katanga, mata a tagogi, mai sayar da ruwan rake ya turo kekensa, ga liman ya fito da lemarsa. 'Yan talabijin ma sun zo, wata budurwa mai makirfo da wani mai kyamara yana tauna cingam.

Gul Zaman da abokin aikinsa Sher Dil sun shekara da shekaru suna wannan sana'a. Shi Gul Zaman yana ƙasa ba ya ganin rufi, shi kuma Sher Dil yana tsaye a bakin rufi yana masa alama da hannu da fito. Sher Dil ya hau rufi ya same mu ni da Furofesa, ya zarga wa Jentul manyan ɗamaru biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, ya ja ya gwada, ya nufi bakin rufi zai fara aikinsa. Furofesa ya tare shi, cikin kwat da naktaye a wannan zafin da ke narka kwalta.

"Aikinka ya ƙare, malam. Je ka sha shayi."

"Sahib, wa zai yi wa Gul alama?"

"Harshe zai yi masa. Hannu na kurame ne."

Sher Dil ya dube shi, ya dube ni, ya koma inuwar tankin ruwa ya tsuguna. Furofesa ya ɗauko wani ƙyalle mai sunan makarantarsa da lambar waya ya ɗaura wa Jentul a wuya, ya rataya min batirin lasifika a kafaɗa, ya matsa bakin rufi ya yi gyaran murya.

Da farko ya gai da jama'a. Sannan ya gai da 'yan jarida. Sannan ya yi taƙaitaccen bayani kan tarihin harshen Turanci, har Jentul ya yi kashi. Daga nan ya juyo kan direba da wata jimla mai tsawon layin mai, wadda in an fassara ta take cewa yana roƙon mai girma matuƙi, idan hakan ba zai zame masa takura ba, da ya yi wa Allah ya fara ɗaga wannan dabba sannu a hankali.

Daga ƙasa muka jiyo Gul Zaman. "Me ya ce?"

"Ya ce ɗaga!" in ji Parwez.

Jentul ya tashi sama, ƙafafu na lilo, jama'a suka ɗauki sowa. Furofesa ya dube ni yana murmushi.

"Ka gani, Naushad? Ko ƙarfe yana girmama nahawu."

"Bhai Sahib, ya wuce katanga, ce masa ya tsaya."

"Da Turanci, Naushad."

"Sitof!" na ce.

"Wannan umarnin 'yan sanda ne. Mutum mai tarbiyya yakan fara da neman alfarma."

Ya fara neman alfarmar. Kafin ya kai tsakiyar jimla Jentul ya wuce tankin ruwa, ya wuce eriyar talabijin, ya kai inda shaho ke shawagi, yana kallon Karachi gaba ɗaya har teku. Da Parwez ya samu ya tsinci kalmar tsayawa a ƙarshen zancen, Gul Zaman ya taka birki da ƙarfi, bijimi ya shiga lilo kamar guga a bakin rijiya.

"A ƙa'ida yanzu sai a karkata shi hagu," in ji Furofesa, ya sake ɗaura wata jimlar.

"Hagun wa, Sir?" Parwez ya ɗaga murya da Turanci. "Hagunka ko hagun shi?"

"Ba 'hagun shi' ake cewa ba a nan! Sau nawa zan koya maka? Maimaita!"

Parwez ya maimaita. Bai yi ba. Ya sake maimaitawa. Gul Zaman ya gaji da jira ya zaɓi hagun da ya fi kusa da hannunsa, ya kuma sassauta igiya don kansa. Jentul ya tsallaka layin a sama, ya gangaro, ya nufi barandar Khala Bilqis da ke hawa na uku, inda ta shanya yankakken ɗanyen mangwaro da barkono a faranti don haɗa yajin shekara.

Khala, baiwar Allah, ta tuna doka. Ta ƙwala ihu da ɗan Turancin da ta tsinta a wurin jikokinta, wai saniya tana zuwa gidanta.

"Ba saniya ba ce, Khala!" Furofesa ya amsa ta lasifika, duk unguwa na ji. "Namiji ne. Saniya mace ce. Ki ce bijimi."

"Uban bijimin! Yana cinye min mangwaro!"

"Kuma kin manta ƙaramar kalmar da ake sawa kafin suna."

"Zan sa maka ita a ka in ka sauko!"

Jentul kuwa ya samu abin da bai taɓa samu ba. Ya zura kai ta saman ƙarfen baranda ya share farantin mangwaro, ya wuce na barkono. Nan labari ya canza. Ya yi atishawa, ya yi wani kuka da ya tashi tattabarun unguwa, Khala ta kai masa tsintsiya a hanci, ya juya kamar fankar da na gama gyarawa. Ƙyallen makaranta ya zame daga wuyansa ya rufe masa ido ruf.

Dariya ta ɗauke a layin. Bijimi makaho, baki na ƙuna, a rataye tsakanin sama da ƙasa, ya shiga harbin iska da ƙafa huɗu. Duk harbi ɗaya sai ɗamarar ciki ta ja baya kaɗan. Ga kuma tarin wayoyin lantarkin layinmu, waɗanda suka cukurkuɗe kamar taliya, kamu kaɗan daga ƙahonsa.

Kowa ya shiga ba da umarni. Masu cewa a ɗaga, masu cewa a sauke, da Urdu da Pashto da Punjabi. Furofesa na tsakiya yana rabon gyara ta lasifika kamar mai raba goron ɗaurin aure. Parwez ya zauna a kan tayar mota ya dafe kai. Gul Zaman ya saki sitiyari da komai ya fito ya harɗe hannu.

"Wallahi ba na ƙara taɓa komai," ya ce. "Mutum ɗari na magana, wanda aka ba lasifika kuma ba ya magana da yaren mutane."

Sher Dil ya taso daga inuwa ya leƙa. "Sahib, yanzu ko alamar hannu ba ta da amfani. In aka motsa shi yana wannan harbin, ɗamara za ta zame. Sai ya natsu tukuna."

Liman ya karkata lemarsa ya ɗaga kai. "Mirza Sahib! In ya faɗo ya karye, ba layya ba ne, nama ne kawai. Ka ji na faɗa maka a gaban shaidu."

Na dubi barandar Khala. Ta daina zagi. Tsintsiya na hannunta, bakinta na motsi, tana ambaton sunan mijinta. Ni kaina na shiga addu'a, don na riga na yi wa 'ya'yana alkawarin hanta.

Furofesa ya share gumi, ya kafa lasifika ya yi wa Jentul magana da Turanci mai taushi, wai ya kai abokina, ka daure ka kwantar da hankalinka, komai zai daidaita. Jentul ya amsa da harbin da ya fi na baya. Ɗamara ta zame har ƙugu.

Sai ƙofar matakala ta buɗe. Begum Shagufta, matar Furofesa, wadda ba ta cika magana a gaban maza ba, ta fito hannunta duk garin alkama. Ba ta ɗaga murya ba, amma lasifika a buɗe take, ta kwashe maganarta ta watsa wa unguwa.

"Tufail. Kira shi yadda kake kiransa kullum da safe."

"Begum, ban gane abin da kike nufi ba."

"Ka gane sarai."

"Rediyon maigadi ne..."

"Maigadin ya bar aiki tun azumi. Kai da ubanka makiyayin ɓauna ne mai suna Allah Ditta, kai da na auro daga bakin kogi da taɓo har gwiwa, yau ni za ka yi wa Delhi? Kira ɗanka kafin ya faɗi."

Mai kyamara ya tofar da cingam ya gyara tsayuwa. Furofesa ya dubi kyamara, ya dubi allon makarantarsa can ƙasa, ya dubi Jentul da ɗamara ke shirin kuɓuce wa. Wallahi a wannan lokacin tausayinsa ya kama ni, duk da abin da ya yi mana shekara da shekaru.

Ya sassauta naktaye. Ya cire kwat ya miƙo min. Ya toshe kunne ɗaya da yatsa kamar yadda makiyayan bakin kogi ke yi, ya buɗe baki.

"Hooo, hurrr, hurrr! Taho ɗan farina, taho ɗan lelen uwarsa! Rana ta yi, ruwa ya yi sanyi, taho gida, hooo!"

Da Saraiki tsantsa, na can cikin ƙauye, mai kauri kamar kindirmo, da wata murya mai daɗi da ba mu taɓa sanin yana da ita ba. Jentul ya tsaya cak. Ya karkata kunne. Furofesa ya ci gaba da rerawa, yana kiransa da sunaye irin na shagwaɓa, yana masa alkawarin dusa da rake, hawaye na bin kumatunsa. Ƙafafun bijimin suka saki, ya rataya lamo kamar jariri a goye.

Sher Dil ya matsa bakin rufi ya ɗaga yatsa biyu ya yi fito. Gul Zaman ya koma kujerarsa. A hankali aka janye Jentul daga wayoyi, aka yi ƙasa da shi, Furofesa na waƙa bai yanke ba, har kofato huɗu suka taɓa kwalta.

Liman da mahauci suka zagaye shi. Suka lanƙwasa kowace ƙafa, suka duba ido da kunne da ƙaho, suka ja shi ya taka. Liman ya ce lafiya lau, layya ta halatta. Layi ya ɓarke da kabbara. Khala Bilqis ta zauna daɓas a barandarta tana kuka tana dariya, sannan ta share ido ta leƙo.

"Mirza Sahib! Wannan waƙar, Turancin wace jiha ce?"

Ya karɓi kwat ɗinsa ya shige.

Da yamma aka nuna mu a talabijin. Tarihin harshen Turanci ko daƙiƙa ɗaya bai samu shiga ba. Waƙar kawai aka sa, aka maimaita, ga ƙyallen makaranta a fuskar bijimi, lambar waya ta fito raɗau. Aka yi Salla, aka yanka Jentul, kowane gida ya samu kasonsa. Furofesa bai fito wurin yankan ba, kuma Begum ta ce ko romo bai taɓa ba.

Bayan Salla da 'yan kwanaki ina buɗe shago sai na ga abin da ya yi mana alkawari, layin mutane a ƙofar makaranta har ya kusa bakin titi. Parwez ya ruga ya faɗa masa. Sai ga shi ya sauko cikin kwat da naktaye, fuska na sheƙi, ya yi musu maraba da Turanci.

Suka dubi juna. Wani dattijo mai gemu ja da lalle ya matso.

"Sahib, mu dillalan shanu ne daga kara, waɗannan kuma masu kiwo ne a saman bene. Mun gan ka a talabijin. Waƙar nan muka zo ka koya mana."

Na ce yau za a yi ta. Furofesa ya ɗaga kai ya dubi rufin da babu kowa a kai yanzu, sannan ya matsa gefe ya nuna musu bencina. Suka shiga suka zauna a takure. Na bar fanka a buɗe na laɓe a taga.

"To, kai mai jan gemu," ya ce da Saraiki, "yi in ji."

Dattijo ya toshe kunne ya ce, "Hoo, hur, hur."

Furofesa ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Ya ɗauki sandarsa ya ƙwanƙwasa allo.

"Wannan ko akuya ba za ta waiwayo ba. Ka haɗiye rabin kalmar, ka sa ƙarshe a mazaunin farko. Kowane kira da ƙa'idarsa. Maimaita."